Injin Gyara da Jirgin Kyaftin

AUTA: Halo? Salamu alaikum. Yaya?

YAYA: Wa alaikumus salam. Auta? Kai ne da rana haka?

AUTA: Ni ne. Ina wuni, Yaya?

YAYA: Lafiya lau. Ya shago? Ya ciniki?

AUTA: Alhamdu lillahi. Ya aiki? Ya masu jiki?

YAYA: Suna samun sauƙi. Yanzu ma na fito daga ɗakin majinyata, tun safe ban zauna ba sai yanzu.

AUTA: Sannu. Ya maigidan? Ya yara?

YAYA: Duk lafiyarsu ƙalau.

AUTA: Madalla. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin?

YAYA: Ta daina, sai in na daɗe a tsaye.

AUTA: To Allah ya ƙara sauƙi. Ya... ya yara?

YAYA: Auta.

AUTA: Na'am.

YAYA: Sau biyu ke nan kana tambayar yara. Kai da ba ka kira sai dai ka yi filashin ka kashe, yau kai ne kake ƙona katinka a kan gaisuwa? Me ya faru? Mama ce?

AUTA: A'a, a'a, Mama lafiyarta lau. Da safe ma na biya na kai mata sabulu.

YAYA: Har gabana ya faɗi. Ai gobe ina hutu, can zan wuni. Na ce mata zan zo da kwamfuta in buɗe wasan, ta shiga jirgi ta gaisa da Kyaftin. Tun shekaranjiya take tuna min. Halo? Auta? Ka ji ni kuwa?

AUTA: Ina ji.

YAYA: To mene ne?

AUTA: Ai... maganar jirgin ce ma ta sa na kira.

YAYA: Wane abu ya samu jirgin?

AUTA: Ɗan dakata, Yaya. Na'am, Hajiya? Sukari? Gwangwani biyu? To. Ga shi, ga kuma gyara. A gai da gida. Yauwa, Yaya, ina muka tsaya?

YAYA: Kada ka raina min hankali. Me ya samu jirgin yayanmu Kyaftin?

AUTA: Kin dai san yadda wasan yake. Duk wata sai an zuba ƙarfe a tasha, ladan ajiye jirgi, in ba haka ba su jawo shi waje.

YAYA: Ni za ka koya wa? Ba tare muke haƙo ƙarfen ba tun da Allah ya yi masa rasuwa?

AUTA: Tare? Yaya, rabonki da shiga wasan nan don haƙa wata uku ke nan. Sai dai ki shiga ki kai Mama ƙofar jirgi ki fita.

YAYA: Aiki ya yi min yawa, ka sani. Mutum biyu sun tafi hutu, ni kaɗai ce a kan gado goma sha biyu.

AUTA: Ban ce kin yi laifi ba. Amma ni ma mutum ne. In buɗe shago, in auna wannan, in ɗaure wancan, sannan in shiga bayan kanta in zauna ina fasa duwatsu a wata duniya da ko ciyawa babu. Wallahi har mafarkin duwatsu nake yi. Shi ne na ce bari in nemi hanya mai sauƙi.

YAYA: Wace hanya?

AUTA: Na gina gidan caca.

YAYA: Gidan wa? Gidan Kaka? Layin nan yana yankewa.

AUTA: Caca, Yaya. Gidan caca. A cikin wasan.

YAYA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Caca? Kai? Kai da ko lido ba ka iya ci?

AUTA: Ki tsaya ki ji. Ba kuɗin gaske ba ne, ƙarfen wasa ne. Kuma ba ni na fara ba. Ki je babbar tashar nan ki gani, layi guda duk gidajen caca ne, 'yan wasa ne suka gina da hannunsu. Wani ya yi tseren ƙananan jirage, wani ya yi akwatuna uku ka zaɓi ɗaya, wani har rami ya haƙa ana jefa ƙwallo. Suna zaune ƙarfe yana zuwa musu.

YAYA: Shi ne kai ma ido ya yi maka ja.

AUTA: Ni nawa ɗan ƙarami ne. Rumfa ce kawai, da faifai mai juyawa, rabi kore rabi ja, amma jan ya ɗan fi faɗi. Ka jefa sandar ƙarfe ɗaya a akwati, ka ja hannu. In ya tsaya a kore ka ɗauki biyu, in ja ne ta zama tawa. Sati biyu na yi ina haɗa wayoyinsa, Yaya. In kin ga fitilun da na jera...

YAYA: Ba na son ganin fitilu. Ina jirgin?

AUTA: Ina zuwa. Ranar farko sai ga wani ya shigo, da alama sabon shiga ne, ko rigar kirki babu a jikinsa. Ya jefa sandarsa guda ɗaya tak, ya faɗi. Ya tsaya yana kallon faifan, bai tafi ba, bai ce komai ba. Wallahi sai na ji ba daɗi.

YAYA: Ka ji ba daɗi.

AUTA: Ke kin san ni. Shekara nawa ina shagon nan, kin taɓa ganin mutum ya fita ban ɗora masa wani abu a kai ba? Ko gishiri ka saya sai na ƙara maka ɗan tsunkule. Haka Baba ya koya mana, da haka ake riƙe mai saye.

YAYA: Kada ka sako Baba a maganar caca.

AUTA: To shi ne na ƙara waya ɗaya. Duk wanda ya faɗi, injin ya ba shi juyi ɗaya kyauta. Gyara ke nan. Har allo na kafa a ƙofa na rubuta da manyan baƙaƙe: akwai gyara.

YAYA: A gidan caca. Gyara.

AUTA: Juyi ɗaya ne kawai na yi nufi.

YAYA: Ka yi nufi? To me ya faru?

AUTA: Ashe... kin gane, shi inji ba shi da hankali. Wanda ya faɗi a juyin gyaran, shi ma ai faɗuwa ya yi. To sai injin ya sake ba shi gyara.

YAYA: In ya sake faɗuwa fa?

AUTA: Ya sake ba shi.

YAYA: Tsaya, tsaya. Auta, kana nufin ka gina gidan cacar da ba a faɗuwa? Kowa ya shigo sai ya yi ta juyawa har sai ya ci?

AUTA: Haka dai ya zama.

YAYA: Kai, jama'a! Ni dai Allah ya haɗa ni da ƙane. Duk duniya mai gidan caca cutar mutane yake yi, kai kaɗai ne ka gina wanda zai cuce ka. Kuma ba ka gwada shi ba kafin ka buɗe?

AUTA: Na gwada mana. Sau uku. Duk na ci, sai na ɗauka sa'a ce.

YAYA: Sa'a! Wayyo ni kaina.

AUTA: Jiya motar kaya ta zo, na wuni ina sauke shinkafa da man girki, ban leƙa ba. Ashe labari ya bazu. Wani ya ɗauki hoton layin ya tura min, Yaya, mutane tun daga ƙofar rumfa har bakin inda jirage ke sauka. Har da masu sauran gidajen cacar, sun rufe nasu sun zo nawa.

YAYA: Daga ina injin yake biyansu?

AUTA: Daga rumbunmu.

YAYA: Rumbun gida? Wanda Kyaftin ya bari?

AUTA: Shi na jona masa. Ai a nan ribar za ta riƙa taruwa, shi ya sa.

YAYA: To an kwashe ƙarfe, na ji. Ƙarfe ne, a haƙo wani. Zan ɗauki hutu in taya ka, na yarda ni ma na yi sake. Jirgin dai yana nan, ko? Auta? Halo? Halo! Kai, wannan layi.

AUTA: Ina ji, ba layi ba ne. Yaya, tashar ba ta barin mutum ya buɗe gidan caca sai ya ajiye jingina. Don in injinka ya kasa biyan wanda ya ci, a ba shi abin da ka ajiye.

YAYA: Me ka ajiye?

AUTA: Ba mu da wani abu mai daraja in ba shi ba.

YAYA: Me ka ajiye, na ce!

AUTA: Jirgin. Na ɗauka suna ne kawai a takarda, wa zai taɓa kaiwa can? Mutumin ƙarshe ya ci, rumbu ba komai, sai wasan ya juya masa jirgin da kansa. Da safen nan na shiga na tarar ƙofa ba ta san ni ba.

YAYA: La'ilaha illallahu.

AUTA: Yaya, ki yi min faɗa. Ki zage ni ma, na yarda.

YAYA: Shekara huɗu, Auta. Shekara huɗu yayanmu ya yi yana ƙera jirgin nan. Yana kwance a gadon asibiti ma sai da ya sa na kawo masa kwamfuta don ya ƙarasa fentin fiffike. Ya kama hannunka, a gabana, ya ce ku kula min da shi. Shi ne ka kai shi layin 'yan caca ka jingine kamar tsohon keke.

AUTA: Don in riƙe shi na yi, wallahi don in riƙe shi.

YAYA: Muryarsa fa?

AUTA: Tana ciki.

YAYA: Na san tana ciki! Ana iya ciro ta?

AUTA: A'a. A jikin ƙofar ya ɗauke ta, ba ta fita. In jirgi ya tafi, ta tafi.

YAYA: Ka taɓa ɗaukarta a waya?

AUTA: Kullum ina cewa zan yi. Ke fa?

YAYA: Da na ɗauka zan tambaye ka?

AUTA: Na ɗauka ke kin yi, tunda ke kike kai wa Mama.

YAYA: Ni kuma na ɗauka kai ka yi, tunda kai kake kwana ka tashi a ciki. Kai, innalillahi. Ba mu da wata muryarsa, ka sani ko? Wayarsa ta lalace, saƙonnin duk sun tafi. Wannan ce kaɗai.

AUTA: Na sani.

YAYA: Ba ka sani ba. Ba ka taɓa zama kusa da Mama lokacin da ƙofar nan take buɗewa ba. Sai ta gyara ɗankwali tukuna, kamar za ta karɓi baƙo. Ya ce, wa ke nan? In Auta ne, hannu a aljihu, kada ka taɓa min komai. In Likita ce, shigo, kin ci abinci kuwa? In kuma Mama ce, yi haƙuri, minti biyar, yanzu zan sauko. Ka san me take cewa?

AUTA: Yaya, don Allah.

YAYA: Cewa take yi, to, ina jira, kada abincin ya huce. Kullum. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Gobe in je in ce mata me? In ce Auta ya yi gyara da shi?

AUTA: Shi ya sa na kira ki, akwai dabara. Ki saurare ni har ƙarshe kafin ki yi faɗa. Dakata. Na'am? Ashana babu, sai gobe. A'a, babu, na ce. Yauwa. Yaya, wancan ɗan ma'ajin naki na duniyar ƙanƙara, wanda kika tara tun da, ai ba a taɓa shi ba.

YAYA: Sai aka yi yaya?

AUTA: Ki ba ni lambar sirrinki. Mutumin da ya ci jirgin yana da teburinsa a layin, na akwatuna uku. In na zuba naki duka a juyi ɗaya, na ce jirgin nake so a madadin...

YAYA: Auta.

AUTA: Ɗaya cikin uku ne, Yaya, ba wuya. Na lura da shi, na tsakiya ya fi yawan...

YAYA: Auta! Ka ji bakinka kuwa? Jiya kai mai gidan caca ne, yau ka zama ɗan caca. Haka ake farawa. Ina ganinsu a nan, ana kawo su jini ya hau, matan suna kuka a baranda, kowanne cewa yake saura juyi ɗaya.

AUTA: Haba, wannan ai wasa ne. Ba kuɗin gaske ba ne.

YAYA: Muryar Kyaftin fa? Ita ma ta wasa ce?

AUTA: ...A'a.

YAYA: To ba zan bayar ba. Ko lamba ɗaya. Kuma shi teburinsa babu gyara, ka tabbata. Wane ne ma mutumin?

AUTA: Ban san shi ba. Wani ne mai hular kwano ruwan ɗorawa, ba ya jin yarenmu. Ɗan gwangwan ne.

YAYA: Ɗan me?

AUTA: Gwangwan. Irin masu sayen tsofaffin jirage suna fasawa suna sayar da sassan. Ya riga ya ja shi zuwa filinsa. Ya kafa sanarwa zai fara yanka ƙarfe huɗu.

YAYA: Ƙarfe huɗu na yaushe?

AUTA: Na yau.

YAYA: Na yau? Auta, huɗu saura kwata! Kuma ka tsaya kana tambayata kumburin ƙafa?

AUTA: Ban san ta inda zan fara ba.

YAYA: Ka yi masa magana?

AUTA: In ce masa me? Ya ci da gaskiyarsa. Ni ban taɓa bin mai saye a baya na ce ya dawo da kaya ba, abin kunya ne.

YAYA: Kunya! Ka ji min mutum. Kunyar wanda ko fuskarsa ba ka sani ba ta fi maka kunyar Mama? Kwamfutar tana kusa?

AUTA: Tana bayan kanta, a kan buhun gishiri.

YAYA: Zauna. Buɗe wajen saƙo. Rubuta da Hausa ka sa ta fassara masa.

AUTA: Fassarar nan tana kwaɓa magana. Rannan na ce wa wani sannu da aiki, ya zage ni.

YAYA: To ka rubuta gajere. Rubuta: jirgin na yayana ne. Ya rasu.

AUTA: Ya... rasu. Na rubuta.

YAYA: Muryarsa tana jikin ƙofa. Mahaifiyarmu tana saurara. Ba mu da wata.

AUTA: A hankali, da yatsa ɗaya nake yi, ɗayan hannun yana riƙe da waya. Ba mu... da wata. In ƙara da cewa zan biya shi a hankali, wata-wata?

YAYA: Ƙara. Ka ce ni ma zan haƙa. Ko shekara ce.

AUTA: Na tura.

YAYA: Ya gani?

AUTA: Bai... ya gani. Yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Hajiya, don Allah ɗan jira ni, ina zuwa. Eh, minti biyu.

YAYA: Sallame ta, Auta.

AUTA: Tsohuwar mai saye ce, ba na...

YAYA: Ka ce mata ta dawo! Ka ja ƙofar shagon nan ka rufe. Yau ɗaya dai a rasa gyara a unguwar, ba wanda zai mutu.

AUTA: Hajiya, yi haƙuri, bayan la'asar. Na gode. To, na ja ƙofa. Ya turo.

YAYA: Karanta.

AUTA: Wai... dariya ya fara sakawa. Wai kai ne mai injin da ba ya ƙarewa? Wai shekara shida yana wasan nan bai taɓa jin daɗi irin na jiya ba.

YAYA: Allah ya shirye shi. Sai me?

AUTA: Wai ya yi baƙin ciki da rasuwar. Amma jirgin ba zai dawo ba. Tun jiya ya sayar da injinan da fikafikan, mutum biyar sun biya, suna tsaye a filin suna jira. In ya fasa, tasha za ta rufe masa sana'a.

YAYA: Ka ce masa gangar jikin kawai, da ƙofar. Su ɗauki sauran.

AUTA: Na tambaya... Wai ba ya yiwuwa. Da an cire inji na farko wasan yake share duk abin da ke jikin jirgin, rubutu da murya da komai.

YAYA: Shi ke nan. Shi ke nan, Auta, ka gama da mu. Ka san me ya sa ban taɓa ɗauka a waya ba? Ba mantuwa ba ce, ƙarya na yi maka. In na ɗauka a waya, ya zama abin tunawa da mamaci. Amma in na taka ƙofar nan ya ce kin ci abinci kuwa, sai in ji kamar gidansa na je na same shi. Ban so in daina zuwa gidansa ba. Ga shi yanzu ba gidan, ba muryar.

AUTA: Yaya, kuka kike yi?

YAYA: Ina ruwanka? Ina tsaye a baranda da fararen kaya ina share hanci, mutane suna kallona.

AUTA: Ki yafe min. Wallahi ni ma tun safe ko ruwa... tsaya. Ya sake turowa.

YAYA: Me kuma? Wata dariyar?

AUTA: Wai yana tambaya, kalmar nan da na rubuta a allo, gyara, me take nufi? Wai fassara ta ce masa gyaran mota.

YAYA: Yanzu lokacin darasi ne?

AUTA: Bari dai in gaya masa. Abin da... mai kaya... yake ƙara wa mai saye... bayan an gama ciniki... don kada ya tafi da ɓacin rai. Na tura.

YAYA: Huɗu saura bakwai.

AUTA: Yaya! Yaya, ji abin da ya ce. Wai to shi ma zai ba ni gyara. Ya sa sunana a ƙofa a matsayin baƙo. Shiga ɗaya. Wai in yi sauri, zai riƙe mutanen minti biyar.

YAYA: Allahu akbar. Tashi! Kana ina yanzu a ciki?

AUTA: Ina rumfar. Filin nasa yana ƙarshen layi, sai na ruga.

YAYA: To ruga mana!

AUTA: Ina gudu. Kai, sabis ɗin nan, mutumina sai tsalle yake a wuri ɗaya. Yauwa, ya saki. Ga wasu ma a ƙofar rumfata har yanzu suna jan hannun inji, ba su san ba komai.

YAYA: Kada ka tsaya gaishe su.

AUTA: Ban tsaya ba. Na wuce mai tseren jirage... na wuce mai rami... Ga shi can. Yaya, ga shi. Sun kewaye shi da injinan yanka. Fentin fiffiken nan shuɗi da bai gama ba, yana nan yadda ya bar shi.

YAYA: Kada ka gaya min. Je ka ƙofa.

AUTA: Ina kan matakala. Bari in ƙure sautin kwamfutar, in kara miki wayar a jikin lasifika ki ji da kyau.

YAYA: Tsaya! Kada ka danna. Da me za ka ɗauka?

AUTA: Da waya mana.

YAYA: Wace waya?

AUTA: Wannan da... Kai. Ba ta ɗaukar murya in ana kira. Ke ki ɗauka daga nan.

YAYA: Tawa ta aiki ce, ƙaramar nan mai tocila, babbar tana gida wajen caji. Kuma da wannan layin mai yankewa? Rabi za mu samu. Kwamfutar ba ta ɗauka da kanta?

AUTA: Ban iya ba. Kyaftin ne ya iya irin waɗannan.

YAYA: Sau nawa take magana in an shiga?

AUTA: Sau ɗaya, lokacin da ƙofa ta buɗe. Kuma shiga ɗaya ya ba ni.

YAYA: To kashe kiran.

AUTA: Yaya, in na kashe ba za ki ji shi a cikin jirgin ba. Wannan ne na ƙarshe. Ke kika ce gidansa...

YAYA: Na san abin da na ce. Akwai wuri a wayar taka, ko ka cika ta da hotunan fitilu?

AUTA: Akwai. Zan goge ma in babu.

YAYA: Duba yanzu. Kashe fanka. Ka kara ta kusa, amma kada ta taɓa lasifikar, sai ta yi ƙara. Ka fara ɗauka tukuna, ka ga jan ɗigon yana motsi, ka ƙirga uku, sannan ka danna ƙofar. Kada ka yi tari, kada ka ce uffan har ya gama na Mama.

AUTA: To. Na kashe fanka.

YAYA: Ɗora gwiwar hannunka a kan buhu, kada wayar ta motsa.

AUTA: Mutumin ya turo, wai saura minti biyu. Yaya, ko farkon kawai ki ji? Wa ke nan ɗin kawai, sai in...

YAYA: A'a. Na Mama ne a ƙarshe, in ka yi wasa shi za mu rasa. Gobe zan ji a wajenta. Kai za ka kawo wayar da kanka, kai za ka yi mata bayani, ni ba ruwana.

AUTA: Na yarda.

YAYA: Kuma Auta.

AUTA: Na'am, Yaya.

YAYA: In ya ce hannu a aljihu, kada ka taɓa masa komai, yau ɗaya dai ka ji maganarsa.

AUTA: Yaya... Halo? Yaya? To. Bismillah.